Yadda ake magani da citta a gida, da awonta da wanda bai kamata ya sha ba

Da zarar hunturu ya sauka Damagaram hazo ya rufe gari, duk gidan da ka yi sallama tari ne da atishawa ke amsa maka, kuma maganar kowa ɗaya ce, a dafa citta. To a dafa ɗin, ni ma ina cikin masu cewa a dafa dan citta magani ce ta gaske ba camfi ba, amma wace citta za a dafa, nawa za a zuba, wa zai sha wa zai haƙura, nan ne mutane da yawa ke tafiya a duhu. Wani ya zabga rabin leda a buta ɗaya ya sha ya kwana ƙirji na ci masa da wuta, wata kuma ta jefa ɗan guntu cikin tukunya guda ta ce ai ta sha ba ta ga komai ba. Duka biyun rashin awo ne ya ja musu.

Da farko dai wadda nake magana a kai ita ce citta mai yatsu, saiwar nan da ake tonowa daga ƙasa. Akwai citta mai ƙwaya, ita 'ya'ya ce ƙanana cikin kwanso, ana sa ta a yaji amma wata shuka ce daban, dan haka in kin aiki yaro kasuwa ki gaya masa dalla-dalla. Mu nan ba ma noman citta mai yawa, ruwanmu bai isa ba, damina wata uku zuwa huɗu ce ita kuma tana son wata 8 zuwa 9 cikin ƙasa mai laima. Mafi yawan wadda muke gani a kasuwar Dole daga kudancin Kaduna take fitowa, wajajen Kachia da Kagarko da Jaba da Kafanchan, a tara ta a Dawanau ta Kano, ta biyo Daura ta shigo ta Ɗan Barto da Matamaye har ta iso mana. Shi ya sa a 2023 da wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a can, ga kuma boda a rufe a shekarar, kuɗinta ya yi tashin da kowace uwargida ta ji a jikinta. Kuma duk sanda abu ya yi tsada algus ke biyo baya, dan haka shawarata ta farko kar ki sayi garin citta da aka riga aka niƙa aka ƙulla a leda in dai magani kike so. Ba ki san me aka cakuɗa ba, ko garin masara ko na rogo da ɗan barkono dan ya yi zafi, ko kuma tsohuwar citta ce da ƙwari suka cinye aka niƙe dan a ɓoye aibinta. Sayi mai yatsunta ki daka da hannunki.

In kin je gaban mai kayan yaji ki ce, Baba Alhaji a karya mani ɗaya in gani, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Busasshiya mai kyau ƙas take karyewa, cikinta fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa da 'yan zaruruwa, ƙamshinta ya daki hanci nan take har ki ji atishawa na zuwa. In ta lanƙwashe ba ta karye ba to ba ta bushe ba, in kin ga ƙananan huji da gari na zuba ƙwari sun riga ki, in kuwa akwai baƙi-baƙi ko kore-kore a lungunan yatsun, ko tana warin rima, ajiye ta ko da kyauta aka ba ki. Wannan fumfuna ba abin wasa ba ce, irinta tana iya barin guba mai taɓa hanta kuma tafasa ba ta kashe gubar. Ɗanya kuma ki ɗaga ki ji nauyi, fatarta a miƙe tana ɗan sheƙi, ki sa farce ki kankare kaɗan ki ga ruwa ya tsattsafo. Wadda ta yamutse ta yi laushi ta gama aiki.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ɗanya da busasshiya ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sinadarin da ke ba ɗanya zafi sunansa jinjarol, in aka shanya ta ko aka daɗe ana dafa ta sai wani sashe ya juye ya koma shogawol wanda zafinsa ya kusa ninka na farko, ga shi kuma ruwan jikinta ya fita ta tattare wuri ɗaya. Dan haka ɗan garin busasshiya da kike raina wa ya fi babban yanki na ɗanya aiki. Tsofaffinmu sun san haka ba tare da sunayen nan ba, shi ya sa yajin jego da fura busasshiya ake sa musu, lemo kuma ɗanya.

Ga awon da za ki riƙe a kai. Cokalin shayi ƙarami in an cika shi da gari aka shafe bakinsa, wajen giram 2 ne, rabinsa giram 1. Babba mai lafiya kar ya wuce giram 4 a yini gaba ɗaya, wato cokali biyu shafaffu, kuma a lissafa har da wadda ya sha a kunu da fura da shayin fada, wato majalisar samari, dan wani saurayin tun safe yake zuba wa cikinsa citta bai sani ba. Mai ciki rabin cokali ne nata a yini, ba ƙari. Ɗanya kuwa yanki kamar gaɓar babban yatsa ya isa kofi ɗaya babba.

To mu fara da mura da tari tunda su ne suka fi kawo mu. Ki samu ɗanyar citta gaɓa biyu, ki wanke ta sosai dan ƙasa na maƙalewa tsakanin yatsun, ba sai kin fere da wuƙa ba, bayan cokali za ki sa ki kankare fatar sama-sama saboda wuƙa na tafiya da tsoka mai yawa. Ki daddaka ta a ƙaramin turmi ko ki yanka siri-siri, ki zuba ruwa rabin litir, kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, ki rufe tukunyar. Rufewar nan tana da muhimmanci wallahi, man da ke ba ta ƙamshi tururi yake bi ya tafi, in kika bar ta a buɗe ɗakin girki ne zai sha maganin. In ta tafasa ki rage wuta ta yi minti 10 tana ɗan motsi, ki sauke ki bar ta a rufe ta huce har yadda za a iya kurɓa, sannan ki tace ki matsa lemun tsami rabi ki sa zuma cokali ɗaya. Zuma da lemun tsami ba a dafa su tare da ita, a ƙarshe ake sa su. A sha kofi ɗaya da safe bayan an ci wani abu, ɗaya da dare kafin kwanciya, a rufa. In busasshiya ce kawai a gidan to rabin cokalin gari a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, a rufe minti 10, shi ke nan.

Abin da za ta yi maka shi ne ta ɗumama jiki, ta sa zufa, ta sassauta majina, maƙogwaro ya daina ƙaiƙayi ka samu barci. Ba ta kashe ƙwayar murar, mura da kanta take wucewa cikin kamar mako guda, amma sauƙin da ake samu a tsakani ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai fita kabu-kabu da asuba cikin ƙurar nan. Sukari kuma dan Allah a rage, na ga gidajen da ake zuba shi har cokali ya kusa tsayawa a kofi, wannan ya tashi daga magani.

Yara sai an yi hattara. Jariri da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma ko ɗigo, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙarta ba tukuna, ta shanye masa jiki. Wanda bai kai wata 6 ba nono zalla, ba citta ba jiƙo ba ruwa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a bayanin da ta fitar kan citta a 1999 ba ta yarda a ba yaron da bai kai shekara 6 ba ita a matsayin magani. Wadda ke cikin kunu ko miya ba komai, abinci ce, amma a zauna a ɗura wa ɗan shekara biyu dafaffiyar citta mai kauri yana kuka yana ƙwarewa, wannan ba tausayi ba ne. Daga shekara 6 zuwa sama rubu'in kofi a tsarma shi da ruwan ɗumi.

Kuma akwai ciwon maƙogwaron da ba na citta ba ne sam, ina roƙon iyaye mata su riƙe wannan. A 2023 mashaƙo ya ɓarke a yankinmu, Matamaye ce ta fi shan wuya, kuma farkonsa kamar mura yake zuwa. In yaro yana zazzaɓi, haɗiya na yi masa wuya, wuyansa ya kumbura, kin haska bakinsa da fitilar waya kin ga wani abu fari ko ruwan toka ya lulluɓe can ciki, ko numfashinsa na fita da ƙara, to ba dafa komai, ba kiran wanzami a cire beli, ɗauke shi sai likita a ranar. Haka zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman lokacin ƙura da bazara, mun san sanƙarau a garin nan ba baƙo ba ne. Zazzaɓi ko wane iri ga yaro ko mai ciki a je a ɗiga jini a gwada na cizon sauro, minti kaɗan ne. Tari kuma da ya wuce mako biyu, da rama, da zufar dare, ko jini a kaki, a je a gwada tarin fuka. Citta tana iya lafar da tarin har mutum ya zaci ya warke alhali cutar na ci gaba da cinsa yana kuma raba wa 'yan ɗakinsa.

Inda citta ta fi ƙwarewa kuwa, wanda har masu binciken asibiti suka gwada suka yarda, shi ne tashin zuciya. Duk wanda ya taɓa shiga babbar motar fasinja daga nan zuwa Yamai, wajen kilomita 900, ko ya bi hanyar Tanut zuwa Agadas, ya san akwai mutanen da tun kafin a fita gari sun fara neman leda. In kina cikinsu ga yadda za ki yi. Awa ɗaya kafin motar ta tashi ki sha rabin cokalin gari a ruwan ɗumi ko cikin ɗan kunu, kar ki jira sai zuciya ta fara tashi dan lokacin an makara. Ki yanka ɗanya siri-siri kamar kwabo ki ƙulle a leda mai tsabta, in kin ji abin na tasowa ki sa ɗaya a baki ki riƙa tsotsa a hankali kina haɗiye ruwan. Kar ki shiga da yunwa, kar kuma ki cika ciki da maiƙo, ki ajiye waya ki kalli nesa. Alherinta a nan shi ne ba ta sa barci da kasala irin ƙwayoyin da ake saya dan tafiya.

Masu laulayin ciki su ma tana taimakonsu amma a nan ne awo ya fi tsanani. Giram 1 a yini, rabin cokalin nan, kuma ba a sha lokaci ɗaya, a raba shi huɗu, wato ɗan abin da za ki ɗiba da yatsu uku a kofin ruwan ɗumi, safe, hantsi, la'asar, dare. Ko ɗanya yanka biyu siri a jiƙa a ruwan zafi a riƙa kurɓa. Ki gwada kwana huɗu, in zai yi miki za ki gani a cikinsu, in bai yi ba ƙara yawa ba zai sa ya yi ba. Wadda ta taɓa ɓari, ko take ganin ɗigon jini, ko cikin ya tsufa haihuwa ta kusa, ta bar ta sai ta tambayi malamar awo. In kuwa amai ya kai ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu ya yi ja, jiri na ɗibarki in kin miƙe, wannan ƙarin ruwa yake so a likita. Kuma citta ba ta maye gurbin ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa wajen awo, in ƙwayar ƙarin jinin ce ke tayar miki da zuciya ki mayar da shanta dare bayan abinci, kar ki watsar.

Ciwon mara lokacin al'ada shi ma an gwada an ga tana ragewa, kuma ina so iyaye su san wannan saboda 'yan matanmu na lakwal da yawa a ɓoye suke sayen ƙwayoyi wajen masu talla a kan tire wanda rana ta gama dafawa. Tun ranar da aka ji alamun zuwansa, rubu'in cokali na gari a ruwan zafi sau uku a yini bayan abinci, har kwana uku na farko, a ɗora tsumma mai ɗumi ko buta mai ruwan ɗumi a mara. Daga nan a tsaya, ba abin sha kullum ba ne. Amma wadda jininta ke zuba da yawa har da gudaji tana jiri, ko ciwon ke hana ta tashi duk wata, a kai ta a duba.

Ga kumburin ciki da gyatsa bayan an ci nama da yawa kamar kwanakin layya, ko wake, ko tuwo ya zauna a ƙirji, ɗanya gaɓa ɗaya da ganyen na'a-na'a a ruwan zafi, kofi guda bayan abinci ya wadatar, tana sa ciki ya yi saurin sauke abin da ke cikinsa. Ba banza ba kakanninmu suke daka ta cikin fura da yajin kilishi. Sai dai mai gyambon ciki da mai ƙwannafi su yi a hankali, wasunsu kaɗan ba ta dame su, wasu kuwa ko ƙamshinta ya isa, kowa ya saurari cikinsa, kuma kar a sha ta ba a ci komai ba. Wannan ya shafi azumi ma. Lemun citta mai sanyi da buɗa baki akwai daɗi ba musu, amma cikin da ya yini a bushe kar a fara masa da shi, dabino da ruwa da kunu tukuna. In za ki yi lemon, ɗanya rubu'in kilo ta isa litir uku, ki markaɗa ki tace da kyalle mai tsabta, ki bar shi ya ɗan zauna farin gasararsa ta kwanta a ƙasa ki tsiyaye na sama, ki sa jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemun tsami da na'a-na'a. Da ruwa mai tsabta za a yi dan ba dafa shi ake ba, kuma ko a firigo kar ya wuce kwana biyu zuwa uku, balle da yadda wuta ke ɗaukewa.

Sai maganar jego, wadda in ban taɓa ta ba iyayenmu mata za su ce ban ce komai ba. In kin taɓa zama kusa da tsohuwa tana haɗa yajin jego kin ga aiki, ta baza citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono a faifai a rana su ƙara bushewa, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ta fara daka cittar ita kaɗai dan ta fi tauri, ta tankaɗe ta mayar da tsakin turmi, tana ɗaure da gyale a hanci tana cewa ɗiyata matsa can kar ya shiga idon jinjiri. Wannan yaji yana buɗe wa mai jego ciki ta ci abinci, ta sha romo da kunu da yawa, kuma cin da shan su ne ke kawo nono. Ni ban ga laifinsa ba in an barbaɗa daidai. Abin da nake jan kunne a kai biyu ne. Na ɗaya kwanakin farko da jini ke zuba sosai, ko wadda aka yi wa aiki, kar a cika mata citta, a bari jinin ya lafa. Na biyu kuma ba cittar ba ce, kanwa ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta, saboda gishirin kanwa na tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya kaya. Dan haka Inna, Gwaggo, a yi haƙuri a rage kanwar, a bar citta da kanumfari su yi ƙamshin kunun. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta kwanta, tana tari da dare, ba sanyi ne ya shige ta ba balle a ƙara mata yaji, zuciya ce, a gaggauta kai ta.

Ciwon gwiwa da baya na tsofaffi, wanda sanyin nan ke tayarwa, citta na ɗan rage shi amma kar a sa rai da yawa, sauƙi ne ba warkewa ba, kuma sai an jure makonni. Rabin cokali a kunu da safe ya isa. Na shafawa kuma ki samu man kaɗe ko man riɗi kofi ɗaya, garin citta cokali biyu manya, ki sa a ƙaramin kwano ki ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi, kar ki soya kai tsaye a wuta, ya yi rabin awa kina juyawa, ki tace da kyalle ki zuba a kwalba. A fara gwada ɗan kaɗan a cikin hannu a ga ko fata za ta yi ja, sannan a murza a gwiwa da dare a ɗaure da tsumma. Ba a sa shi a kan ciwo buɗaɗɗe ko ƙuna, a wanke hannu kafin a taɓa ido. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi jau da zazzaɓi, ko yaro mai amosanin jini da ƙashi ya tashi masa, waɗannan ba na murza ba ne.

Akwai mutanen da ko lafiyayyen awon nan sai sun yi shawara da lokotoro. Duk mai shan maganin tsinka jini, irin warfarin ko aspirin ta kullum da ake ba masu ciwon zuciya da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, saboda citta ita ma tana iya rage daskarewar jini, in suka haɗu sai haɓo ko zubar jini. Wanda aka sa wa ranar yi masa aiki a likita ya daina shan ta ta magani mako biyu kafin ranar kuma ya gaya musu yana sha. Mai tsakuwa a matsarmama. Mai ciwon sukari da ke kan ƙwaya ko allura, dan tana iya ƙara saukar da sukarin. Mai hawan jini kuma ya ci ta a abinci ba laifi, amma abin da ke ƙona mani rai shi ne saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp ana cewa a haɗa citta da tafarnuwa da lemun tsami a ajiye maganin tansiyo, wai tana wanke jijiya, tana kashe kansa, tana narkar da teɓa cikin mako. Mutum ya ajiye ƙwayarsa ya kama jiƙo, jinin ya hau shiru ba alama, sai wata safiya a tashe shi baki ya karkace. Wanda ya tura saƙon ba shi zai yi jinya ba. Hakanan samari masu haɗa ta da kayan ƙarin kuzari na leda da ba a san me ke ciki ba, in zuciya ta fara bugawa da ƙarfi ba cittar za a tuhuma ba, abin da aka haɗa ta da shi ne. An ambaci citta a Alƙur'ani cikin Suratul Insan a abin shan 'yan Aljanna, wannan daraja ce babba, amma ba hujja ba ce ta cewa tana warkar da kowace cuta, kar wani mai talla da lasifika ya ruɗe ku da ita.

Ajiya kuma ba wuya. Ɗanya in babu firigo ki samu tsohuwar tukunyar ƙasa ki zuba rairayi mai ɗan sanyi, ba jiƙaƙƙe sharkaf ba, ki binne ta ki ajiye a inuwa kusa da randa, tana yin makonni. Kar ki ƙulle ta a leda, gumi take yi ta ruɓe. In kin same ta da araha lokacin da sabuwa ta shigo, wajen ƙarshen shekara, ki saya da ɗan yawa ki wanke ki tsaga ta a tsaye siri-siri ki baza a faifai ko tabarma a sama, ba a ƙasa ba, ki rufa mata kyalle marar kauri saboda ƙura da ƙuda, iskar hunturun nan tamu cikin 'yan kwanaki take busar da ita ƙayau. Sai kin ji tana karyewa ƙas sannan ki zuba a kwalba mai murfi. Ki riƙa daka ta kaɗan-kaɗan, na wata ɗaya ko biyu, dan gari in ya daɗe ƙamshin da ƙarfin duk guduwa suke.

Wadda kuma ta fara tsiro a kwando kar ki yar. Ki yanka ta gunduwa-gunduwa kowace da ido ɗaya ko biyu, ki bar yankan ya sha iska kwana ɗaya, ki cika tsohon buhu da rairayi da ruɓaɓɓen taki, ki huda ƙasan buhun, ki binne ta zurfin yatsa idon na kallon sama. Ƙarƙashin dalbejiya ko gindin katanga inda rana ba ta dukan ta da tsaka za ki ajiye, farkon damina ya fi. Na san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, amma buhu ɗaya ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe shi, in dai ba mai sabulu ba. Ƙasar ta zauna da laima kar ta yi caɓi. Bayan wata 8 ko 9 ganyen zai yi ɗorawa ya kwanta, ki daina ban ruwa kamar mako biyu sannan ki farke buhun ki kwashe, ki ware masu ido masu kyau ki mayar rairayi su jira damina mai zuwa.